Daga Yale zuwa Kaduna: abin da ya kamata mu ɗauka daga ilimin halayyar mutum cikin jama'a

Duk taron sasanta rikici a Kaduna ko Jos kusan da magana ɗaya ake rufe shi: a haɗa matasan nan wuri guda, su san juna, ƙiyayya za ta gushe. Magana ce mai daɗin ji, kuma a kanta aka gina hidimar ƙasa ta NYSC a 1973 da makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya. A ɓangaren masana, Gordon Allport ne ya tsara ta a 1954, amma shi da sharuɗɗa ya kawo ta: ɓangarorin su zauna a matsayi ɗaya, su kasance da buri ɗaya, su yi aiki tare ba gasa ba, kuma hukuma ta goyi bayan haɗuwar. Mu sharuɗɗan muka zubar, muka riƙe jimlar.

Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun gwada maganar a cikin garin Kaduna, suka buga sakamakon a 2018. Sun ɗibi samari 849, Musulmi da Kirista. Ƙuri'a ce ta zaɓi waɗanda za su shiga horon kwamfuta na mako 16, ita ta zaɓi wanda zai zauna a ajin da aka gauraya addinai da wanda zai zauna a ajin 'yan addininsa zalla, ita kuma ta zaɓi abokin da kowa zai yi aiki da shi. Da aka gama ba su tsaya ga tambayar "ya kake ji game da su" ba. Sun sa kuɗi na gaske a hannun samarin, kowa ya yanke nawa zai ba wani wanda sunansa kawai ya sani, sunan kuwa ya isa ya nuna addini.

Ra'ayin samarin game da ɗaya ɓangaren bai motsa ba. Amma wajen rabon kuɗi, 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin zalla adalci. Da aka duba sosai sai aka ga ba gaurayen ne ya gyara kowa ba: 'yan ajin zalla ne wariyarsu ta ƙaru idan aka kwatanta su da waɗanda ba su shiga horon ba kwata-kwata. Wato mako 16 na zama da naka kaɗai yana ƙara maka fifita naka. A garin da tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya zama iyaka tsakanin unguwannin Musulmi da na Kirista, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da nake son in ce shi ne, irin wannan aiki ne ya kamata mu koya daga fannin nazarin halayyar mutum cikin jama'a, amma ba shi ake koyarwa ba. Abin da ya fi yawa a ajujuwanmu hadda ce ta shahararrun labarai daga Amurka, ana ba da su kamar hukuncin da aka yanke kan ɗan Adam baki ɗaya, alhali masu fannin da kansu sun shafe fiye da shekara goma suna warware da yawa daga cikinsu.

Ɗauki gwajin Stanley Milgram na jami'ar Yale a 1961. An zaunar da mutum gaban na'ura mai maɓallai 30, daga volt 15 zuwa 450, aka ce ya riƙa jona wa wani wuta duk lokacin da ya ba da amsar kuskure. Wutar ƙarya ce, mai ihun kuma ɗan wasa ne. Mutum 26 cikin 40 sun kai maɓalli na ƙarshe. Wannan kashi 65 shi ɗalibi ke rubutawa a jarrabawa, ya ƙara da cewa mutum rago ne gaban mai iko. Amma Milgram ya sake fasalin gwajin sau da dama. Da mai ba da umarni ya fita daga ɗakin ya koma magana ta waya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ya kai ƙarshe. Da aka zaunar da wasu biyu suka ƙi ci gaba a gaban mutum, huɗu cikin 40 ne suka ci gaba. Darasin da ya fi amfani yana cikin waɗannan, ba a cikin 65 ba: ganin wani ya ce a'a yana buɗe wa na kusa da shi baki. Daga baya Gina Perry, 'yar Ostireliya, ta saurari faya-fayen da aka ajiye a Yale, ta nuna cewa mai ba da umarnin yakan matsa wa mutane fiye da kalmomi huɗun da aka ce ya tsaya a kansu, kuma wasu daga cikin mutanen ba su yarda wutar ta gaske ba ce.

Gwajin kurkukun Stanford na Philip Zimbardo a 1971 ya fi wannan rauni. Ɗalibai 24 aka raba masu gadi da fursunoni a kurkukun wasa, an shirya mako biyu, aka tsaya a kwana shida. An daɗe ana cewa kaki kawai aka sa wa yaran kirki suka zama azzalumai. Binciken Thibault Le Texier, Bafaranshe, a cikin ajiyar takardun gwajin ya nuna an riƙa zuga masu gadin su tsananta. Wanda aka ce wa "ka ƙara zafi" ya ƙara, ai ba kaki ne ya sa shi ba. Haka labarin Kitty Genovese da aka kashe a New York a 1964, wanda jarida ta ce mutum 38 na kallo babu wanda ya motsa: adadin da labarin duk an yi musu gishiri. Da Richard Philpot da abokan aikinsa suka kalli faifan kyamarar titi na faɗa 219 a Amsterdam da Lancaster da Cape Town, a tara cikin goma akwai wanda ya shiga rabiya, kuma yawan jama'a ƙara yiwuwar hakan yake yi. Duk wanda ya ga yadda ake raba faɗa a tasha ko kasuwa ba zai yi mamaki ba.

Shekarar 2011 ce rufin ya fara yoyo a fili. A shekarar aka kama Diederik Stapel na jami'ar Tilburg a Holand yana ƙirƙirar alƙaluma a ɗakinsa. An janye takardunsa fiye da 50. A shekarar kuma Daryl Bem na jami'ar Cornell ya buga gwaje-gwaje tara, da mutum sama da 1,000, a babbar mujallar fannin, yana cewa mutane na iya jin abin da bai faru ba tukuna. Sanin gaibu dai sai Allah, amma abin da ya tayar wa masana hankali shi ne babu wanda ya kama Bem da ƙarya irin ta Stapel. Hanyoyin da kowa ke bi ya bi. In hanyar da aka saba za ta iya haifar da wannan, to me kuma ta haifa a baya ba a lura ba?

Ga yadda abin ke faruwa, domin a nan gizo ke saƙa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a karɓi sakamako idan, da a ce babu wani bambanci na gaske, dace kaɗai ba zai fitar da irinsa ba sai ƙasa da sau 5 cikin 100. Wannan lissafi na gwaji ɗaya ne da aka ƙayyade tun farko. Mai binciken da ya auna abu goma daban-daban yana neman wanda zai fito, damarsa ta cin karo da sakamakon ƙarya ta kai kashi 40. In abu ashirin ne, kashi 64. Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn sun lissafa a 2011 cewa 'yan sassauci huɗu kawai sun isa su kai ta kusan kashi 61: auna abu biyu ka ba da rahoton ɗaya, leƙa sakamako ka ƙara mutum goma in bai fito ba, sa jinsi a cikin lissafi ko cire shi, da jefar da rukuni ɗaya cikin uku. Babu ɗayansu da mai yi zai ji kamar ya yi sata. Sai mujallu suka ƙara nasu: abin da ya fito suke bugawa, wanda bai fito ba ya mutu a durowa.

A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Brian Nosek ta maimaita bincike 100 daga manyan mujallu uku. A asali 97 sun ba da sakamako. A maimaici kashi 36 ne suka ba da shi, kuma girman tasirin ya ragu da kusan rabi. Na fannin da muke magana kuwa kusan ɗaya cikin huɗu ne ya tsaya. Sanannun abubuwa suka bi sahu. Roy Baumeister ya ce a 1998 haƙuri kamar man fitila yake, yana ƙarewa: ɗaliban da aka hana biskit mai cakulan suna kallonsa sun fi saurin karaya a wani aiki mai wuya. (Mai azumin watan zafi zai so ya ji yadda 'yan mintuna na kallon biskit ke ƙarar da haƙuri.) A 2016 ɗakunan gwaji 23 suka gwada ra'ayin da mutum sama da 2,000, tasirin ya fito kusan sifili, ko da yake Baumeister ya ce ba irin aikinsa aka ba mutanen ba. Tsayuwar isa, wadda aka ce minti biyu na buɗe ƙirji yana canza sinadaran jiki, da mutum 42 aka gina ta a 2010. An gwada da 200 a 2015 ba a ga canjin sinadaran ba, a 2016 jagorar binciken farko, Dana Carney, ta ce ita ma ba ta ƙara yarda da shi ba.

Ba duka ne ya rushe ba. Bin ra'ayin jama'a da Solomon Asch ya nuna a shekarun 1950 yana maimaituwa, fifita "namu" ko da ƙungiyar ta wofi ce, wanda Henri Tajfel ya nuna a 1971, shi ma haka. Kuma fannin da ya tona asirin kansa ya fi wanda ya rufe. Wanda ya ce a watsar da shi gaba ɗaya bai gaya mana da me za a gane ko shirin zaman lafiya na miliyoyin naira ya yi aiki ba.

Sai matsalar da ta fi shafar mu. Jeffrey Arnett ya ƙirga a 2008 cewa kashi 68 na mutanen da ake nazari a manyan mujallun fannin Amurkawa ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arziki waɗanda ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Afirka ba ta kai kashi ɗaya ba. Da yawansu ɗaliban jami'a ne da ke cika sharaɗin darasi. Ba ina cewa duk abin da aka gani a can ƙarya ne a nan ba. Wani babban aiki na 2018 ya gwada sakamako 28 a ƙasashe da yankuna 36 da mutum sama da 15,000, ya ga galibi abin da ya tsaya ya tsaya ko'ina, wanda ya faɗi ya faɗi ko'ina. Amma al'ada na taɓa wasu abubuwan: Rod Bond da Peter Smith sun tara gwaji 133 irin na Asch daga ƙasashe 17, suka ga bin jama'a ya fi ƙarfi inda dangi da al'umma ke gaba da mutum. Ba za a san wanne ne wanne ba sai an gwada.

Gwadawar kuwa a kan takardar tambayoyi take fara lalacewa. Ma'aunin darajar kai na Morris Rosenberg, mai jimla goma, yana da jimlar da ke cewa mutum yana jin yana da kyawawan halaye da dama. Karanta wa dattijo wannan a ƙofar gidansa, maƙwabta na ji. Zai ce "to, sai dai mutane su faɗa." An tashe shi a kan yabon kai jahilci ne. Mai tambaya ya rubuta "bai amince ba", kwamfuta ta ce mutumin ba ya ganin darajar kansa, alhali kunya aka auna. Ita kanta kunya, kalmar Turancin da ake fassara ta da ita abin gudu ce a can, a nan kuwa yabo ne a ce yarinya tana da kunya. Kara da kawaici ba su da gurbi a yawancin ma'aunan da ake kwafowa, kuma su ne ke sa mutum ya ce wa baƙo "haka ne" don kada ya kunyata shi. Matakai biyar na amsa, daga "na amince ƙwarai" zuwa "ban amince ba ko kaɗan", a baki suna narkewa su koma biyu. Jimlolin da aka juya da "ba" domin kama mai amsa da ka suna rikita mai saurare ne kawai.

Gyaran ba tsada gare shi ba, haƙuri yake so. Mutum biyu su fassara daban-daban, na uku wanda bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci, a zauna a kan duk inda aka saɓa. Wannan ma bai isa ba, domin fassara na iya komawa daidai amma ba wanda ke magana haka. A nemi mutum 10 zuwa 15 irin waɗanda za a tambaya, a karanta musu kowace jimla, a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. Hausar Kano da ta Sakkwato da ta Damagaram ba ɗaya ba ce, a gwada a inda za a yi aikin. A maimakon matakai biyar, a fara tambayar "ka yarda ko ba ka yarda ba", sannan "kaɗan ko sosai". Mace ta tambayi mace, a wurin da miji ko suruka ba sa ji, kuma a rubuta a kowace takarda wanda ya yi tambayar da ko akwai na uku a wurin, domin a iya duba tasirinsu daga baya. Kada mai unguwa ya zaɓo waɗanda za a tambaya. Zai kawo masu bakin da yake so.

Tambaya mai nauyi kuma ba a yin ta kai tsaye. A ce ana son sanin yawan masu karɓar kuɗi kafin zaɓe. A raba mutane biyu da ƙuri'a. Rukunin farko a karanta musu abu huɗu, kamar halartar taron siyasa da jin labarin zaɓe a rediyo, a ce su faɗi guda nawa suka yi, ba wanne ba. Rukuni na biyu a ƙara musu na biyar, karɓar kuɗi ko taliya. In matsakaicin amsar farko 2.0 ce ta biyu 2.3, to kusan kashi 30 sun karɓa, kuma babu wanda ya tona kansa. Inda take ɓaci: in abubuwa huɗun duk na kowa ne, wanda ya ce "biyar" ya fallasa kansa, don haka sai ya rage. A sa ɗaya wanda ba kasafai ake yi ba, ko biyu da ba sa haɗuwa ga mutum ɗaya. Hanyar tana cin mutane da yawa fiye da tambaya kai tsaye, ɗari biyu ba za su yi ba.

Maganar yawan mutane ita ce inda aikin kammala digiri ya fi faɗuwa. An saba ɗauko lissafin Taro Yamane, wanda ke ba da kusan 400 ga kowace babbar al'umma, a manna shi a babi na uku. Wannan lissafi na ƙiyasta kaso ne a ƙidayar da aka ɗibi mutane da ƙuri'a. Ba ya cewa komai game da ko gwaji zai iya gano bambanci tsakanin rukuni biyu, kuma ba ya aiki a kan takardun da aka raba wa abokai a ɗakin kwana. Bambancin da aka saba samu a wannan fanni matsakaici ne zuwa ƙarami. Domin a sami damar gano irinsa sau 80 cikin 100, ana buƙatar kusan mutum 100 a kowane rukuni. Da mutum 20 a rukuni, damar ba ta kai ɗaya cikin huɗu ba, kuma in ya fito ma a kumbure zai fito. In bambancin rabin wancan ne, sai kusan 400 a kowane rukuni. Manhajar G*Power kyauta ce, minti biyar take yi ta ba da wannan lissafi.

Ɗalibi ɗaya ba shi da kuɗin mutum 400, wannan gaskiya ne. Amma ɗalibai goma masu mutum 40 kowanne suna da su. Malami ɗaya zai iya haɗa su a kan tambaya ɗaya, kowa ya rubuta nasa ɓangaren. Kafin a fita, a rubuta shafi guda: abin da ake hasashe, abu ɗaya da za a auna, mutum nawa, wa za a cire kuma don me, wane lissafi za a yi. A ajiye shi a OSF ko AsPredicted, shafukan intanet na ajiye tsarin bincike, inda kwanan wata ke kulle shi. Rabon rukuni ya zama na ƙuri'a ta gaske, ko kwamfuta ko takardu a naɗe cikin hula, ba "na gaba ku zo nan" ba, domin masu zama gaba ba irin na baya ba ne. In aji guda aka ba abu guda, to aji ne ake ƙirgawa ba ɗalibi ba. Aji biyu ba gwaji ba ne ko da kowanne na da mutum 100. Mai aunawa kuma kada ya san rukunin wanda yake aunawa. A 1996 John Bargh ya ce kalmomin da ke tuna tsufa na sa ɗalibai rage saurin tafiya. Da Stéphane Doyen ya maimaita a 2012 da na'urar auna lokaci mai aiki da kanta abin bai fito ba, sai da aka sa masu gudanar da gwajin tsammanin zai fito. Amsoshi a shigar da su ta waya da manhajar KoboToolbox, mai riƙe lokacin da aka fara da wanda aka gama kowace hira. Takarda hamsin da aka cike ƙarƙashin bishiya da biro ɗaya ba za su tsallake wannan ba.

Babban cikas ba kuɗi ba ne, malamin da ke duba aikin ne. Muddin ɗalibin da ya zo da "ba a ga bambanci ba" za a ce aikinsa bai yi ba, to zai koma ya samo bambancin ko ta halin ƙaƙa. Tun 2013 wasu mujallu suka fara karɓar bincike a kan tsarinsa kafin a tara alƙaluma. Anne Scheel da abokanta sun kwatanta a 2021: a takardun da aka saba, kashi 96 sun tabbatar da hasashen mai su, a irin waɗannan, kashi 44. Sashen jami'a na iya yin haka a cikin gida ba tare da jiran kowa ba, ya ba da mafi yawan maki a ranar kare tsari. Kwamitin ƙarin girma da ke ƙirga yawan takardu ba tare da karanta ko ɗaya ba shi ma yana cikin masu laifin.

Yaudarar mahalarta, wadda Milgram ya gina aikinsa a kanta, a nan guba ce. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 saboda jita-jita da rashin yarda, kuma an daɗe ana biyan kuɗin wannan. Mai binciken da ya yi wa unguwa ƙarya sau ɗaya ya rufe ƙofa ga duk mai zuwa da takarda bayansa, har ma'aikacin lafiya. A nemi izini da Hausa, da baki, a faɗa wa mutum yana iya tashi duk lokacin da ya so. Gwajin da zai tuna wa matasa gawarwakin rikici domin a auna fushinsu kuwa bai cancanci izinin kowane kwamiti ba.

Gwajin Kaduna kansa ya bar aiki a ƙasa. Maza ne zalla a cikinsa, matasa, a gari ɗaya, a ajin kwamfuta. Salma Mousa ta ga wani abu mai kama da shi a Iraƙi a 2020: Kiristocin da suka buga ƙwallo a ƙungiya ɗaya da Musulmi sun sassauta wa waɗanda suka yi wasa da su, amma abin bai kai ga Musulmin da ba su sani ba. Ko matan da ke adashi tare a kasuwa haka suke? Ko ajin koyon ɗinki na wata shida zai yi abin da na kwamfuta bai yi ba? Cibiyoyin koyon sana'a a Kaduna da Jos da Bauchi suna ɗaukar sababbin ɗalibai duk shekara, kuma dole wani ya raba su aji-aji. Abin da ake buƙata shi ne wannan rabon ya zama na ƙuri'a, a ajiye sunayen, a koma a same su bayan shekara.